Shagon hayar littattafai a Zango da abin da ɗiyar ƙanena ta samu a cikinsa

Wata 5 ke nan ina zuwa wani ƙaramin shago a unguwar Zango, ba nisa da kasuwar Dole, inda ake sayar da littattafai ana kuma bayar da hayarsu. Abin da ya kai ni shi ne ɗiyar ƙanena mai shekara 15, wadda aka kawo mini daga wani ƙauye kusa da Mirya bayan ta ci jarrabawar BEPC, wato ta ƙarshen kwaleji, domin ta ci gaba da karatu a nan Damagaram. Tun da ta zo ta rage magana, ta ƙi sabawa da ƴan ajinsu, in dare ya yi kuwa sai ta ɗauko tsofaffin takardunta na lakwal ta yi ta dubawa.

Mafi yawan kayan shagon ƙagaggun labarai ne na Hausa da ake kawowa daga Kano, irin waɗanda suka bunƙasa tun shekarun 1980, sai littattafan Faransanci na hannu a kanta guda. Dala 20 ta sefa muke biya kowane littafi na kwana 3, kuma ban ga tsadarsa ba.

Darajar wurin tana ga mai shi, wani dattijo da ya karanta abin da yake bayarwa. Ranar farko na miƙa hannu zan zaɓa mata, sai ya ce, "Hajiya, ki bari ta duba da kanta." Ta daɗe a tsaye kafin ta ce, "Baba, akwai wanda yarinyar ba ta son barin gidansu?" Nan take ya zaro mata labarin wata yarinya da aka kai riƙo birni, wadda ake ta ce mata ta zama budurwa alhali zuciyarta tana dandali wajen gaɗa. Abin da ya burge ni shi ne marubuciyar ba ta mai da ita waliyyiya ba: tana fushi, tana mayar da magana, tana kewar uwarta har ta kasa cin abinci, kuma ba a dare ɗaya ta haƙura ba. Ɗiyata, wadda da Faransanci ta koyi karatu, ta sha wuya da bokon Hausa a shafukan farko, amma sau biyu ta karance shi, sannan wata rana muna tuƙa tuwo ta ce, "Gwaggo, ni ma haka nake ji."

Sai dai irin wannan littafi kaɗan ne a shagon. Galibin labaran ƴammata da na duba da biki suke ƙarewa, kamar girma ba shi da wata ƙofa sai aure, na samari masu fama da sauyin rayuwa kuwa ban samu ko ɗaya ba da zan kai wa ɗana. Ya kuma dame ni ƙwarai cewa littattafan da suka dace da matan aure suna jere a kanta ɗaya da na yara, ga wasu da shafukansu suka yage. Na faɗa wa mai shagon, ya saurare ni da mutunci, ya kuma ware kanta guda tun makon da ya biyo baya. Kashi na 3 na labarin yarinyar nan da aka kai riƙo wani ya karɓa bai dawo da shi ba, kuma mai shagon ya yi mana alkawarin nemo shi idan ya je sarin kaya Kano.