Kayan haɗa motar Arduino mai taya biyu: sun cancanci saye, amma a sauya batir

Kayan haɗa ƙaramar mota mai aiki da rimot, irin waɗanda ake shigowa da su daga China a leda ɗaya, su ne mafi sauƙin hanyar da mai koyo zai fara ƙera mutum-mutumi mai tafiya. Wanda na haɗa yana ɗauke da faranti na roba mai garai-garai, da injinan taya biyu masu launin ɗorawa, da ƙaramar taya mai juyawa a gaba, da allon Arduino Uno, wato ƙaramar kwamfutar da ake ɗora wa shirin da ke sarrafa motar, da allon L298N mai sarrafa injinan, da kuma HC-05 wanda ke karɓar umarni daga wayar hannu ta Bluetooth.

Ɓangaren Arduino ba shi da abin zargi. Allon Uno, wanda ya fito a 2010, yana da ƙafafu (wuraren jona waya) 14 na shigar sigina da fitarta, shida daga cikinsu suna iya rage gudun inji ko ƙara shi, kuma hakan ya wadatar da wannan aiki. Injinan suna da giya mai rabon 1:48, suna aiki tsakanin volt 3 zuwa 6, sun kuma ja motar a kan siminti ba tare da wahala ba, ko da yake a cikin yashi tayoyin kan riƙa juyawa a wuri ɗaya.

Inda na fi damuwa shi ne wutar. Akwatin batir da ke cikin kayan na ɗaukar batiran AA huɗu, wato volt 6, amma L298N tsohon ƙira ne da ke cinye kusan volt 2 kafin wuta ta isa inji, shi ya sa ƙarfen da ke bayansa yake ɗaukar zafi. Da zarar batiran sun fara rauni, sai motar ta riƙa tafiya da ƙyar, wani lokaci ma Arduino ya mutu ya sake tashi a daidai lokacin da injinan suka yunƙura, mai koyo kuwa ya ɗauka shirin da ya rubuta ne ya lalace. Batiran 18650 (batiran lithium masu caji) guda biyu a jere, masu ba da volt 7.4, suna magance wannan. Ƙaramin batir mai kusurwa huɗu na volt 9 bai dace ba, domin ba ya iya ba da ƙarfin da inji ke ja. Wanda ke da hali ya sayi allon TB6612FNG, wanda shi ma ke sarrafa injina, a madadin L298N, domin wutar da TB6612FNG ke asara kaɗan ce.

Kada a taɓa jona inji kai tsaye a ƙafar Arduino, wadda ba a so wutar da ke bi ta cikinta ta wuce miliamfa 20, kuma lallai a haɗa ƙafar GND (ta ɓangaren negatif na wuta) ta dukkan allunan wuri ɗaya.

HC-05 yana kai wa kimanin mita 10, lambar haɗa shi yawanci 1234 ce, sai dai da Android yake aiki, iPhone ba ta karɓarsa. Idan an jona shi a ƙafa ta 0 da ta 1, a cire shi kafin a ɗora shiri daga kwamfuta, in ba haka ba shirin ba zai shiga ba.

Farantin yana tsagewa idan aka matse noti da ƙarfi, ƴan kunnuwan tagulla da ke jikin injinan kuma sirara ne, don haka a liƙa wayoyin da dalma sannan a ɗaure su a jikin injin. Ga ɗalibi ko malamin fasaha, ina ba da shawarar a saye su, muddin an ware kuɗin batiran 18650 da cajarsu tun farko.