Ruwan madara ko shuɗi mai duhu: wanne ya dace da falo a Katsina?

Hajiya, kin tambaya wanne ya fi dacewa da falonki na Ƙofar Ƙaura mai taga ɗaya, tsakanin fenti ruwan madara da shuɗi mai duhu. A ganina tagar nan ɗaya ita ce ta yanke hukunci.

Ruwan madara yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, don haka ɗaki yakan yi fili da rana, kuma idan an ɗauke wuta da dare fitilar caji ɗaya ta isa a ga fuskar baƙo. Shuɗi mai duhu kuwa shanye haske yake yi, sai falon ya zama kamar ya tsuke, a riƙa kunna ƙwai tun kafin la'asar. Ga shi sauro ya fi son laɓewa a wuri mai duhu.

Wajen datti kowanne yana da nasa aibin. Ruwan madara ba ya ɓoye shatin hannun yara ko maiƙon abinci, amma ƙurar hunturu, wadda ke shigo mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ba ta cika fitowa a jikinsa ba saboda launinsu ya yi kusa. A kan shuɗi kuwa fari fat take kwanciya, haka ma farin gishirin da bango mai damshi ke fitarwa bayan damina, kuma da an goge sai wurin ya bar tabo idan fentin ruwa ne marar santsi.

Kada a ruɗe ki da cewa farin bango zai sanyaya ɗaki a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Yawancin zafin daga rufin kwano da silin yake saukowa, launin ciki kaɗan yake ragewa.

Shuɗin ya fi cin kuɗi, domin sau da yawa sai an yi shafi 3 kafin ya zauna daidai, kuma ranar da kika gaji da shi, rufe shi da fenti mai haske zai ci wani bokitin.

Shawarata ki sa ruwan madara mai santsi wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma a bango 3, ki bar wa shuɗin bangon da ke bayan talabijin. Kafin ki sayi bokitin lita 20, mai fenti ya shafa kaɗan na kowanne a bangon, ki duba shi da safe da kuma bayan magariba.