Sharhi: Taragon T1 na Istanbul

In dai unguwar 'yan kasuwa ta Laleli za ka saro kaya, ko ziyarar unguwar tarihi ta Sultanahmet, layin T1 ya fi tasi sauƙi da araha. Taragon lantarki ne mai bin tsakiyar titi, daga Kabataş har Bağcılar, tasha 31, tafiyar sama da awa guda.

Ba sabon abu ba ne a garin. Tun 1871 dawaki ke jan tarago a Istanbul, aka mayar da shi na lantarki a 1914. Da motoci suka yi yawa aka ce tarago na tare hanya, aka rufe na ɓangaren birnin da ke Turai a 1961, na ɓangaren Asiya a 1966. Garin kuwa bai daina kumbura ba. Baƙi daga ƙauyukan Anatoliya, wato yankin Turkiyya da ke Asiya, suka cika unguwanni irin su Zeytinburnu, bas ta kasa ɗaukar jama'a, dole aka sake shimfiɗa dogo a 1992. Yanzu mutanen birnin sun haura miliyan 15, kuma za ka ji haka a haƙarƙarinka da safe.

Ba a biyan kuɗi a ciki. Ka sayi katin Istanbulkart a na'urar da ke bakin tasha, ka zuba masa kuɗi, ka ɗora shi a kan shingen shiga. Kuɗin ɗaya ne, ko tasha biyu ka yi ko ashirin. Kafin ka hau, duba rubutun goshin taragon, don wasu ba sa kaiwa ƙarshen layi.

Matsalarsa cunkoso. Tsakanin Eminönü da Aksaray masu yawon buɗe ido da 'yan kasuwa ke haɗuwa, ga titin tsohon gari ƙunci, taragon yana rarrafe yana buga ƙararrawa saboda masu tsallakawa. Mai manyan jakunkuna ya haƙura sai rana ta ɗaga, ko ya nemi ɗan dako. Waya kuma a aljihun gaba, masu yankan aljihu sun san layin sarai.

Shi kuwa jan taragon titin İstiklal, wanda aka farfaɗo da shi a 1990, layi ne daban da T1, kuma amfaninsa ɗaukar hoto ne kawai. Daga Taksim zuwa Tünel bai kai kilomita biyu ba, kuma da yamma mai tafiya a ƙafa kan riga shi isa.