Daga Andalus zuwa Birnin Kebbi: rigar ciki ta masu mashin a lokacin bazara

Assalamu alaikum 'yan uwa na Birnin Kebbi, musamman masu kabu-kabu da masu yini a kan mashin tsakanin Jega, Kalgo, Bunza da Argungu. Ina gajiya, yaya zafi?

Zafin kudancin Sifaniya ɗan uwan namu ne. A Sebiya da Ƙurɗuba, cikin Yuli da Agusta, ma'auni yakan haura digiri 40, kuma busasshen zafi ne irin namu na Maris da Afrilu, mai tsage leɓe. A ranar 14 ga Agusta 2021 an auna digiri 47.6 a garin La Rambla na lardin Ƙurɗuba. Shi ya sa dabarar masu babur na nan Sifaniya ta fi ta mutanen Jamus ko Ingila dacewa da mu. A gida in rana ta ɗaga, mutum rage kaya yake yi, ya bar singiletin auduga da riga a buɗe. Nan kuwa ƙarawa suke yi: siririyar riga mai dogon hannu wadda ta manne da fata, sannan jaket a kai. Wanda bai san dawan garin ba zai ce wahalar da kai ce.

Randar ƙasa ce za ta fahimtar da ku. Ruwan randa yana sanyi ne saboda tsattsafin da ke fitowa a bayanta yana bushewa, yana tafiya da zafi. Haka jiki yake da gumi. Gumin da ya tsiyaye ƙasa, ko ya kwanta a tsumma, asara ne. Wanda ya bushe a kan fata shi ke sanyaya mutum, kuma ba ƙaramin aiki yake yi ba: lita 1 ta gumi in ta bushe tana kwashe zafin da zai iya tafasa kusan lita 7 na ruwa.

Auduga shan ruwa take yi har cikin zarenta, zaren ya kumbura, ƙofofin saƙa su toshe. Sai rigar ta yi nauyi, ta liƙe a gadon baya da hammata, ta yi ta gogar fata. Daga nan ƙurajen zafi da saluɓewar matsematsi suke farawa. Zaren foliyesta kuwa bai shan ko kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, nailan wajen kashi 4. Tunda zaren bai sha, ruwan bin tsakankanin zaruruwa yake yi, kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, ya fito waje ya bazu ya bushe. Wasu kamfanonin suna yi wa zaren kwari-kwari a tsawonsa don ruwa ya sami hanya, irin zaren Coolmax da kamfanin DuPont ya fitar a 1986. Dri-FIT na Nike da AIRism na Uniqlo duk kan wannan turba suke, suna ne ya bambanta.

Akwai kuma ulun tumakin merino. Yana iya shan kusan kashi 30 na nauyinsa kafin a ji shi da danshi, ba ya saurin wari, kuma ba ya narkewa da wuta. Amma yana da tsada, bai kai foliyesta saurin bushewa ba, kuma siririnsa na zafi ba ya jure cuɗa irin ta wankinmu. Ga mai kabu-kabu da ke wanki kullum, ban ga ribarsa ba.

To ina amfanin dogon hannu da jaket? Nan ne mutane da yawa ke kuskure, har a nan Turai. Zafin fatar mutum wajen digiri 34 zuwa 35 ne. In iskar gari ta gaza haka, gudu a kan mashin sanyi yake kawowa. In ta haura, kamar digiri 42 da azahar a hanyar Argungu, iskar da ke bugun ƙirji hucin zugazugin maƙera ce, zafi take ɗura maka. Ga shi tana ɗauke gumi tun bai bazu ba, sai ka ji fata a bushe ka zaci ba ka gumi, alhali ruwan jikinka zuba yake yi. Buzaye ba don ado kaɗai suke naɗe rawani cikin sahara ba. Saboda haka in zafi ya wuce 35, masu doguwar tafiya na nan rage ƙofofin iska suke yi. A buɗe zif ɗin wuyan hannu kaɗan iska ta shiga, a buɗe na baya ta fita, na ƙirji a rufe ko a bar shi rabi. Iska 'yar kaɗan mai ratsa jiƙaƙƙiyar riga ta fi guguwa a kan busasshiyar fata.

Jiƙa rigar kuwa da gangan ake yi. Rabin ledar fiya wata ta isa: a zuba ta wuya da hannuwa, a mayar da jaket, a tashi. Cikin busasshiyar iska sanyin ba ya daɗewa a foliyesta, don ba ta riƙe ruwa, kuma a nan ne auduga ke da ranarta. A jiƙa tsohuwar singileti ko ɗankwali, a matse, a ɗora a kan rigar foliyesta, kada ya taɓa fata. Audugar ta zama randa, foliyesta ta hana ta gogar jiki. Shagunan nan suna sayar da wata 'yar shara ta musamman da ake tsomawa a ruwa na 'yan mintuna, kuɗinta ya ninka na rigar ciki sau da yawa. Ta fi auduga daɗewa da danshi, gaskiya ne, amma ba zan ce wani ya aiko a saya masa ba. Mai azumi ma yana iya jiƙa riga, ba ta taɓa azuminsa.

Da damina lissafin juyawa yake yi. In iska ta cika da laima, irin ta Agusta a Yawuri da bakin fadama, gumi ba ya bushewa da sauri. Wanda ya jiƙa riga a lokacin ya ƙara wa kansa kaya ne kawai. A buɗe duk ƙofofin jaket, a sa mafi siririn riga.

Yanzu ga kasuwa. Abin da Turai ta fi mu da shi a wannan harka ba yadin ba ne, gaskiyar lakabi ce. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta abin da aka saƙa tufafi da shi, don haka in ka juya riga za ka ga, misali, foliyesta kashi 90, elasten (zare mai miƙewa) kashi 10. Akwai ɗakin gwaji a shago. Abin da aka saya ta intanet ana da kwana 14 na mayarwa ko babu dalili, kuma a Sifaniya garantin sabon kaya shekara 3 ne tun 2022. A gida kun san yadda take: in ka bar bakin rumfa, ciniki ya faɗa. Farashi kuma hawa-hawa ne. A shagon Decathlon, rigar 'yan gudu mai gajeren hannu mafi arha ba ta kai yuro 10 ba. Ta kamfanonin kayan babur, su Dainese da Alpinestars na Italiya ko Rev'it na Holan, daga wajen yuro 40 take tashi. Bambancinsu na gaske shi ne masu tsadar ba su da ɗinki mai tudu a kafaɗa da gwiwar hannu, inda garkuwar jaket ke danna fata, kuma bayansu ya fi tsawo, ba ya fita daga wando in an sunkuya kan mashin. Wajen tsotse gumi, tazararsu ba ta kai tazarar kuɗinsu ba.

Abin da ya kamata ku sani shi ne yadin nan yana gabanku. Jesin ƙwallo foliyesta ce, kuma dilar 'yan gwanjo cike take da rigunan motsa jiki da Turawa suka sa 'yan lokuta suka bayar. Sai dai ba kowace foliyesta ba. Yadin shafi mai santsi da ake sa wa kwat, da jesin jabu mai sheƙi kamar leda, su dafa mutum suke yi. Ku gwada tun a bakin rumfa: a ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a cikin rigar. In ya nutse ya bazu cikin 'yan daƙiƙu ya fito ta waje, ta yi. In ya tsaya dunƙule yana gangara, a ajiye ta. A ɗaga ta ga rana, mai kyau za a ga ƙananan ƙofofin saƙa. In lakabi ya yanke, a zaro zare ɗaya daga bakin ɗinki a kusanta shi ga ashana: auduga takan ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, foliyesta takan narke ta dunƙule ta yi tauri, ulu kuwa warin babbakar gashi yake yi. A guji jesi mai ƙatuwar lamba ta roba a baya da tallan kamfani a ƙirji, don duk inda robar ta rufe, gumi ba ya fita. Wannan ba zai yi wa masoya Barcelona da Arsenal daɗi ba, amma haka abin yake.

Girma kuma shi ne inda al'adarmu ke cin karo da abin. Mu mun saba da tufa mai walwala, lagwani kuwa sai ya taɓa mai yake ja. Rigar da ba ta taɓa fata ba, ba ta ɗaukar gumi. A ɗauki wadda ta kwanta a jiki ba tare da ta matse numfashi ba, wato ƙasa da girman da aka saba sawa da mataki ɗaya. Kada a sa singileti a ƙarƙashinta, yin haka ya rushe komai. Ƙasa ma haka: gajeren wandon auduga mai kaurin ɗinki shi ne ke cin mazaunai a doguwar tafiya, dogo ko gajere na foliyesta mai shimfiɗaɗɗen ɗinki ya fi.

Ga gargaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Foliyesta tana narkewa a wajen digiri 250. In mutum ya faɗi ya ja a kwalta da ita kaɗai, gogar tana iya narkar da ita cikin ciwo, haka nan in ta taɓa salansa. Rigar ciki ce, ba ta kare kowa daga kwalta. Wannan aikin jaket ne. Jaket na babur a nan yana ɗauke da lambar EN 17092 da harafi, A, AA ko AAA, gwargwadon jurewarsa ga goga, da garkuwa a kafaɗa da gwiwar hannu. Ta baya sau da yawa daban ake sayenta, aljihunta kawai ke zuwa da jaket. In akwai kuɗin abu ɗaya da za a aiko saye daga waje, to jaket mai hasken launi ne, mai ƙofofin iska da ake buɗewa a rufe, rigar ciki a neme ta a gwanjo. Farashin kayan zafi yana karyewa a nan daga rangwamen Yuli zuwa Satumba, wato wanda ya shirya da wuri zai same su kafin bazara ta gaba. Masu sayar da na hannu ma suna da yawa a manhajojin Wallapop da Vinted. Hular kwano ce kaɗai ba a sayen ta hannu, don wadda ta taɓa dukan ƙasa tana iya lalacewa ta ciki ba a gani.

Aibin foliyesta wari ne. Tana riƙe maiƙon jiki, ƙwayoyin cuta su samu abinci, kwana biyu ba wanki fasinja zai fara kau da kai. Riga 2 ko 3 ake buƙata, a wanke kowace da yamma. A juya ta ciki waje, ruwa mai sanyi ko ɗumi kaɗan, omo 'yar kaɗan, a ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare. Sabulun sanda yana barin dafi-dafi a zare, musamman da ruwan rijiya mai zartsi, ruwan ƙamshi mai tausasa kaya kuma shafe zaren yake yi da maiƙo, duk biyun suna kashe lagwanin. Basilin ko man kaɗanya da aka lafta da safe ma haka, a bar shafa su sai dare. Ba bilic, kuma kada a kai wa mai guga, dutsen gawayi zai ƙona ta nan take. A shanya a inuwa, da bazara kafin a gama sallar isha'i ta bushe.

Rigar ba ta rage yawan ruwan da jiki ke zubarwa. Mai aiki cikin irin wannan rana yana iya zubar da lita 1 ko fiye a awa guda, wato ledar fiya wata 2. A riƙa sha kaɗan-kaɗan tun ƙishirwa ba ta zo ba. In gumi ya yi yawa har jijiya ta fara ɗaurewa, a haɗa lita 1 ta ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffu, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari mai duhu, ciwon kai da jiri alamar a sauka a nemi inuwa ce. Wanda ya fara sambatu ko ya rikice, a kwara masa ruwa, a yi ta fifita, a garzaya asibiti. A Sifaniya tun 2023 doka ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata su sauya ko su dakatar da aikin waje a sa'o'in tsananin zafi in hukumar yanayi ta ba da babban gargaɗi. Mai kabu-kabu a gida ba shi da wanda zai biya shi kuɗin hutu, shi zai zaɓa wa kansa tsakanin azahar da la'asar.

Nan suna kuma sa wata siririyar hula ta irin yadin a ƙarƙashin hular kwano, tana hana gumi shiga ido, tana hana soson ciki yin tsami. Akwai mai rufe kai kaɗai, akwai mai rufe har fuska sai ido. Ku nemi ta farkon. Da halin tsaron da ake ciki a yankinmu, mutum a kan mashin da rufaffiyar fuska a shingen jami'ai neman magana ne. Wanda kuma zai aiko a saya masa kaya, ya je wurin tela a auna masa ƙirji da tsawon hannu da santimita, ya turo lambobin, don L ɗin kayan Sin sau da yawa M ce a ma'aunin Turai.