Wasiƙa daga Birmingham: kuɗin inshorar mota da shekarun tsufa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi mamaki da na ce ina tunanin ajiye mota alhali lafiyarta ƙalau. To, maganar inshora ce, kuma ta fi ƙarfin hirar waya.

A gida mun saba ɗaukar inshora a matsayin takarda guda cikin takardun mota, wadda ake miƙa wa ɗan sanda ko ɗan KAROTA. Ko da hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta ɗaga kuɗin tad-fati, wato inshorar da ke biyan wanda ka buge kaɗai, daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ta kuma ɗaga diyyar dukiya zuwa naira miliyan 3, mutum nawa ka sani da ya taɓa zuwa karɓar diyyar? In an yi karo, jama'a su taru, a duba wa ke da laifi, a tafi wajen fanabita. In mai laifin dattijo ne, sau da yawa sai a ce Baba a tafi kawai, Allah ya kiyaye gaba. Furfura tana jawo wa mutum rangwame.

A nan kuwa furfurar ce ake ɗorawa a sikeli. Tun 1930 doka ta wajabta inshora a Birtaniya, kuma ba sai an tsayar da kai ba, kyamarorin titi suna karanta lambar mota su duba ta a rumbun bayanai. Wanda aka kama ba inshora, tararsa fam 300 ce da maki 6 a lasinsa, kuma ana iya ɗauke motar. Ko a ƙofar gida take ajiye sai ta kasance da inshora, in ba ka sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci da lasin tuƙi, cewa ka janye ta daga titi ba. Farashin ma ba ɗaya ba ne ga kowa. Za su tambayi shekarunka, sana'arka, inda motar ke kwana, mil nawa kake ci a shekara, da lambar unguwarka. Wannan ta ƙarshen tana ba ni haushi. Unguwannin da mutanenmu suka fi zama, irin su Small Heath da Alum Rock da Sparkbrook, suna cikin masu tsada saboda cunkoso da satar mota da 'yan damfarar da ke taka birki da gangan don a buge su. Kai da ba ka taɓa gogar kowa ba sai ka biya laifin maƙwabta.

Matasa ne suka fi kowa biya. Daga nan kuɗin ya riƙa sauka har mutum ya shiga shekaru 60, sai ya juya. Daga 70 ya fara hawa, bayan 80 kuma wasu kamfanonin ba sa ma yarda su ba ka farashi. A 70 ɗin ne lasin tuƙi yake ƙarewa, a koma sabuntawa duk bayan shekara 3. Kyauta ne, amma sai ka tabbatar kana iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, kuma ka bayyana ciwon da doka ta ce a bayyana, kamar ciwon sukarin da ake yi wa allura. Wanda ya ɓoye, ranar da tsautsayi ya faɗa kamfani na iya ƙin biyansa. Hujjar kamfanonin kan ƙara wa tsofaffi kuɗi ita ce ido yana rauni, ƙafa ba ta saurin kaiwa birki, kuma tsoho in ya ji ciwo jinyarsa doguwa ce. Ban ce ƙarya suke yi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙarin yana zuwa daidai lokacin da mutum ya koma kan fansho, kuma a 2023 kaɗai matsakaicin kuɗin inshora a ƙasar ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100. A kan haka gwamnati ma tana da harajinta na kashi 12.

Amma gaskiya ɗaya ce, Yaya, in abu ya faru suna biya. Wani dattijo mutumin Damagaram da muke sallar Juma'a tare ya ja da baya a wurin ajiye motoci, ya taɓa bambar wata mata. Ina tsaye. Ba wanda ya ɗaga murya. Ta ɗauki hoto da wayarta, suka yi musayar suna da lamba, kowa ya kama gabansa. Tsagewar ba ta kai tsawon yatsa ba, sai dai bambar motocin yanzu cike take da na'urori da kyamara, don haka gaba ɗayanta aka canja, aka kuma ba matar motar haya har aka gama. Duk kamfaninsa ne ya biya. Da ta ji rauni ma, diyyar rauni a nan ba ta da iyaka. Shi kuma ya ji a jikinsa da sabuntawa ta zo, don ya rasa wani ɓangare na rangwamen da ake tarawa duk shekarar da mutum bai nemi diyya ba.

Inshorar hawa uku ce: wadda ke biyan wanda ka buge kaɗai, wadda ta ƙara da gobara da sata, sai cikakkiya mai gyara har taka motar. Mutanenmu kan ruga wa ta farko da tunanin ita ce mai araha, kamar a gida, alhali sau da yawa cikakkiyar ta fi sauƙi, don kamfanoni sun lura masu yawan haɗari ne ke zaɓar ƙaramar. Ni cikakkiya nake yi, kuma ina ƙara kuɗi kaɗan a kare mini rangwamena, da kuma na masu zuwa ɗaukar mota in ta mutu a hanya, don mai shekaruna ba ya tsayuwa a gefen babbar hanya cikin sanyin Janairu. Motar aro lokacin gyara na bar ta. Tunda na daina zuwa aiki na gaya musu, na rage yawan mil, kuɗin ya ɗan sauka. Akwai kuma abin da kake yarda za ka fara biya daga aljihunka kafin su biya saura. In ka ɗaga shi farashi ya ragu, amma ɗan fansho bai kamata ya ɗaga shi sama da abin da zai iya fitarwa rana ɗaya ba. Biyan wata-wata kuwa bashi ne mai ruwa, shi ya sa nake tarawa in biya na shekara a dunƙule. Nan nakan tuna ku kuna da kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, irin Jaiz da Noor.

Tun Janairun 2022 an hana kamfani ya caji tsohon abokin cinikinsa fiye da sabo, duk da haka kafin in sabunta sai 'yata ta zauna da ni mun duba shafukan kwatanta farashi, har da kamfanin Saga na 'yan sama da shekara 50. Abin da nake roƙon dattawanmu su guje wa shi ne dillalan WhatsApp masu alkawarin rabin farashi. Takardar bogi suke bayarwa, ko su canja adireshi da shekaru, mutum yana yawo da zaton yana da inshora.

Tun da na cika 66 aka ba ni katin shiga bas kyauta daga ƙarfe 9:30 na safe. Asibiti da kasuwa duk yana kai ni. Sallar asuba da kai Maman yara unguwa ne suka sa har yanzu na riƙe makullin. Zan ga farashin da za su turo bayan na cika 70, sannan in yanke shawara.

Kai kuma don Allah ka sa Abba ya duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanan inshora na Najeriya, a tabbatar takardar da aka yi maka ta gaske ce. A gaida Hajiya da yara da mutanen masallaci.

Ƙaninka.