Baje kolin irin dankali a Agege: iri mai kyau, amma Legas ba Filato ba ce

Wasu dillalan dankali da ke sauke kaya a kasuwar Mile 12 sun shirya baje kolin irin dankalin Turawa a wani fili da ke Agege, da nufin kwaɗaita wa mazauna gari noman abin da za su ci a tsakar gida ko a saman bene. Sun sanya taron a ƙarshen watan Mayu, saboda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 30 ga Mayu a matsayin ranar dankali ta duniya, wadda aka fara bikinta a 2024.

Irin da aka baje ya cancanci yabo. Daga Bokkos da Mangu aka kawo shi, an ware nau'in Nicola daban, Marabel daban, Diamant daban, kuma kowane ƙwaya girmansa bai wuce na ƙwan kaza ba, da idanuwa gajeru masu kauri, babu ruɓa babu taushi. Wani dattijo da ya daɗe yana noma a Filato ya nuna yadda ake huda gindin buhu domin ruwa ya riƙa tsiyayewa, a zuba ƙasa mai yashi haɗe da takin gida har zuwa rabi, a binne irin idanuwansa na kallon sama, sannan a riƙa ƙara ƙasa yayin da ganye ke tashi. Ya kuma ja kunne cewa dankalin da rana ta taɓa ya yi kore ba a cinsa, domin yana da guba.

Inda masu taron suka gaza shi ne batun zafi, wanda ba su taɓo ba sai da wata Hajiya ta tambaya. Dankalin Turawa yana zuba 'ya'ya ne sosai idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 da 20, idan kuwa ya doshi 30 sai ya yi ganye shar amma gindin ya tashi kusan wayam. Abin da ya sa yake albarka a Filato shi ne tudun ya haura mita 1,200, dare kuma yana da sanyi. Legas tana bakin teku ne, darenta ma akwai gumi, ga laimar damina da ke jawo cutar da ke ƙona ganye. Ya kamata a faɗa wa mai saye wannan kafin ya ciro kuɗinsa, musamman da yake farashin irin ya ɗara na dankalin ci.

Teburin da ya fi amfanar mazaunin Legas shi ne wanda aka tura can gefe, na dankalin Hausa. Reshen yaɗonsa ake yanka a dasa, yana son zafi, yana nuna cikin wata uku zuwa huɗu, kuma sun kawo mai jan ciki ɗin nan mai ɗauke da sinadarin bitamin A. Matan da suka zo daga Idi-Araba a nan suka fi yin cincirindo.

Rumfa ta yi kaɗan, lasifika kuma tana yankewa, amma an keɓe wa mata wurin zama da wurin alwala. Wanda ke da gona a gida Arewa ko ɗan'uwa a Jos zai iya sayen irin ya aika. Wanda kuwa buhu zai jera a Agege, ya fara da dankalin Hausa, na Turawan ya gwada kaɗan idan hunturu ya shigo.