Girkin Tailan ko sushi: amsa ga 'yar'uwar da aka gayyata cin abinci

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta yi tambaya jiya: abokan aikinta sun gayyace ta wani gidan abinci da ke sayar da girkin Tailan da kuma sushi, ba ta taɓa cin ko ɗaya ba, kuma ba ta son ta je ta ji kunya ko ta dawo da yunwa. Wanne za ta zaɓa? Hajiya, ga nawa ra'ayin: ki cika ciki da na Tailan, sushi kuwa ki ɗanɗana kawai.

Dalilina na farko harshe ne. Girkin Tailan ba zai yi wa Bahaushe baƙunta sosai ba, don akwai tsamiya, gyaɗa, barkono, lemun tsami da shinkafa, wadda mun daɗe da saninta tun zamanin buhunan 'yar Tailan a kasuwanninmu. Pad thai taliyar shinkafa ce da ake soyawa da ruwan tsamiya, ƙwai da jatan lande ko kaza, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa a gefe. Tom yum kuwa kamar farfesu ne mai tsami da yaji, da ƙamshin ciyawar nan mai kamar lemun tsami da wasu ke sa wa shayi; a 2024 UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa na jatan landen cikin jerin al'adun gado na duniya. Abin da zai iya ba ki mamaki shi ne nam pla, ruwan kifin da aka tsima da gishiri wata da watanni. Warinsa a kwalba ba daɗi, amma aikinsa a tukunya aikin daddawa ne, kuma wadda ta san daddawa ba ta da bakin yi masa gori.

In kina tsoron yaji, nemi massaman. Miya ce mai kauri ta madarar kwakwa da dankalin turawa, gyaɗa, kirfa da kanumfari, kuma asalinta daga Musulmi ne, shi ya sa da kaza ko naman sa aka fi yin ta. In kuma kina ji da kanki wajen cin yaji, to ki yi a hankali da som tam, kwaɗon ɗanyar gwanda da ake dakawa a turmi. Na taɓa ce wa mai kawo abinci ya yi mini shi yadda 'yan ƙasar ke ci, ina taƙama da yajin tsire. Cokali uku na yi, hawaye ya fara zuba, na koma ina tura farar shinkafa ba miya. Kalmar da ya kamata in faɗa ita ce mai phet, wato ban da yaji.

Sushi, abincin Japan, wata duniya ce daban. Da yawa suna ɗauka ma'anarsa ɗanyen kifi, alhali sunan na shinkafar ne, wadda aka haɗa da ruwan kal, sukari da gishiri. Yankan ɗanyen kifi zalla ba shinkafa shi ne sashimi. Nigiri ɗan curin shinkafa ne da yankan kifi a kai, irin wanda ya yi tashe a Edo, Tokiyo ta yanzu, wajajen 1820. Maki kuma shi ne wanda aka naɗe da busasshiyar ciyawar teku aka yayyanka. Ba zafi, ba romo, ba ƙamshin soye-soye. Daɗinsa duk yana ga kyawun kifin da hannun mai yankawa, don haka gidan da bai iya ba, ba miyar da za ta rufa masa asiri. A nan ne nake ɗan ɗari-ɗari da gidajen da ke haɗa biyun. Tailan da Japan ba maƙwabta ba ne, girkinsu ma bai yi kama ba, kuma sau da yawa za ki tarar gidan ya fi ƙwarewa a ɗaya. Ki leƙa wurin da ake yanka kifin: in da mutum tsaye yana yi a gaban jama'a, ciniki na tafiya, kifin na sheƙi ba ƙarni, to bismilla. In kuwa an jera su tun ɗazu shinkafar ta bushe, ki koma wa tukunya.

Ba dole sai ɗanye ba. California roll da fiya da kokwamba da dafaffen kifin da aka sarrafa kamar ƙaguwa ake yin sa, akwai kuma na soyayyen jatan lande. Mai juna biyu ma wannan ɓangaren ya kamata ta tsaya, don likitoci na hana ta ɗanyen kifi. Koren abin nan da ke gefen faranti wasabi ne, zafinsa hanci yake hawa nan take ya sauka, ɗan kaɗan ya isa. Yankakkiyar cittar kuma ta wanke baki ce tsakanin wani kifi da wani. Kuma ki tsoma gefen kifin a baƙin ruwan waken suya, kada ki tsoma shinkafar, in ba haka ba curin zai watse miki a ɗan kwanon kowa na kallo. Da hannu ma ana cin nigiri a Japan, ba sai kin yi kokawa da tsinkayen nan biyu ba. Su mutanen Tailan cokali da cokali mai yatsu suke amfani da su.

Sai maganar halal, wadda na san tana ranki. A ɓangaren Tailan matsalar a fili take: moo alade ne, gai kaza, goong jatan lande, pla kifi. Ki tambayi yankan naman, da ko kasko ɗaya suke soya komai. In ba ki gamsu ba ki tsaya a kayan ruwa, waɗanda a mazhabar Malikiyya duk halal ne. A ɓangaren sushi kuwa ɓoye take. Akwai mirin, giyar shinkafa mai zaƙi, da ake sa wa miyar da ake shafa wa gasasshen kifin unagi da ta teriyaki, wasu har cikin shinkafar suke zubawa. Faranti ba nama ko ɗaya, amma sai kin tambaya.

Ta fuskar aljihu, sushi ya fi cin kuɗi kuma bai cika riƙe ciki ba. Guda shida ko takwas ne a faranti, kina tashi kina neman ƙari. Da ni ce ke, sai in karɓi tom yum, in bi da massaman da farar shinkafa, in sa a kawo sushi irin na maki faranti ɗaya a tsakiya mu raba da abokan tafiya. In suna da khao niao mamuang, shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa da nunannen mangwaro, ki bar masa wuri.